Kalmar da Iya Tasalla Ta Ƙi Faɗa

Kowa ya kife wayarsa a cinya tukuna. Ga wata shari'a ta zo neman alƙalai, kuma ku ne alƙalan.

A Dambatta akwai wata tsohuwa mai suyar gyaɗa, ana ce mata Iya Tasalla. Mijinta Malam Barau tela ne, ya yi zamaninsa ya koma ga Mahaliccinsa, ya bar mata abu biyu da ba ta yarda kowa ya taɓa: ɗan shagonsa na ƙofar gida, wanda ta kulle ta ɗaure makullin a bakin zani, da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. A shekararsa ta ƙarshe, da ido ya daina ganin kafar allura, Malam ya koyi naɗar murya. Sai ya zauna a shago ya yi ta zuba wa wayar zance: gaisuwar safe, addu'a, labarin masu kawo ɗinki ana gobe salla, har da tsiyar da yake yi wa Iya a kan gishirin gyaɗarta. Bayan rasuwarsa, kullum da safe sai ta dama kokonta, ta dangwala yatsa, ta ji ya yi gyaran murya ya ce, "Tasalla, an tashi lafiya?" Ita kuwa ta ce, "Lafiya lau, Malam," ta shiga harkokinta rai kwance. Ba ta taɓa barin wayar ta mutu ba. Yadda matan dā suke tattalin garwashi kada murhu ya huce, haka take tattalin caji.

Iya tana da jikoki uku da idonsu ya daɗe a kan shagon nan. Sallau mai gyaran waya ne, a ƙarƙashin lema yake aiki a bakin kasuwa, iska tana kwashe masa ƙananan kusoshi. Ashiru manhajojin waya yake haɗawa, a zaure yake zama da kwamfuta a cinya, awaki suna leƙa masa aiki. Sai Balaraba, wadda take ɗaukar 'yan bidiyo tana koya wa mata dabarun waya: yadda za a rage shan data, da wace manhaja ce take cinye batir a ɓoye. Allah ya ba ta baiwar kwaikwayo, in ta yi muryar mai tallan manja sai kun ga an fito da kwalba. Damuwarta ɗaya, duk bidiyon da ta ɗauka sai zakaran gidan ya sa baki. Shagon kuwa ba ya rabuwa, don in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje.

Wata safiya wayar ta suɓuce daga hannun Iya, ta yi nutso a kwanon koko. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ai ta ji ana sa jiƙaƙƙiyar waya a cikin shinkafa. Iya ba ta yi wata-wata ba, ta buɗe tukunya ta binne ta a dafa-dukan da ya kwana, da mansa da yajinsa. Balaraba ce ta tono ta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta ga tsohuwa ta ture kwano ko kurɓa ba ta yi ba, sai ta daina dariyar. Washegari ma haka, koko ya huce a gabanta. Sai Iya ta kira su ukun, ta ɗaga bakin zaninta ta ce, "Duk wanda ya dawo mini da muryar Malam, makullin nan nasa ne."

Sallau ya ɗauki wayar ya tafi da ita ƙarƙashin lemarsa. Abokan sana'a suka taru suna shaƙar ƙamshi, wani ya ce a kawo cokali. Shi kuwa ya ce, "Na gyara wadda ta faɗa rijiya, na gyara wadda jaki ya taka, amma wadda aka yi wa dafa-duka, yau na fara gani." Ya kwance ta, ya tsince shinkafa da hantsaki ƙwaya-ƙwaya, ya wanke cikinta da sinadari da tsohon buroshin haƙori, ya busar. Ya bi hanyoyin wutarta da gilashin ƙara gani har ya gano wata siririya kamar gashi da ta ƙone, ya liƙe ta da dalma yana riƙe numfashi. Kowa ya ce ɓata lokaci ne. Sai ga fuskar waya ta kawo haske. Ya rugo gida yana cewa, "Ta farfaɗo, amma ranta kaɗan ne. Abin da za a yi, a yi da wuri."

To, a nan gizo ya yi saƙa. Wayar irin ta dā ce, sai an kashe an kunna take tambayar kalmar sirri, kuma Malam ne ya sa kalmar da hannunsa. Abin da ya bari a rubuce a fuskarta kawai shi ne: "A tambayi Tasalla sunana." Suka sa Barau, ta ƙi. Suka sa Malam Barau, ta ƙi. Suka sa Tela, sai ta yi gargaɗi cewa in aka ci gaba da kuskure za ta goge duk abin da ke cikinta. Suka juyo ga Iya. Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ni? Sunan Malam a bakina? Ku 'ya'yan zamani ba ku da ta ido."

Iya tana cikin matan da ba su taɓa kama sunan miji ba. Ko mai kayan miya in sunansa Barau, sai dai ta ce masa "mai sunan Malam". Balle wannan, da alama suna ne na tsakaninsu, wanda kunne na uku bai taɓa ji ba. Sallau ya yi lallashi. Ashiru ya ce ta raɗa masa a kunne.

"Angona, ko kai ne ka biya sadakina ba zan faɗa ba," in ji Iya. "Gara wayar ta tafi da shi." Tana faɗa idonta yana kawo ruwa.

Balaraba kuwa ta shiga neman dabara. Ta lura roƙo ba zai buɗe bakin nan ba, sai dai a bi ta inda ya saba buɗewa da kansa. Ta tuna tun tana ƙarama, duk ran da aka sauke gyaɗa, Malam yakan baro shago ya shigo saɗaf-saɗaf, sai a jiyo Iya ta yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa, shi kuma ya fito yana dariya yana hura tafin hannu. Sai ta bari har la'asar, lokacin da Iya ta juye gyaɗa mai zafi a faranti ta juya baya tana kwashe yashi daga kasko. Balaraba ta zura tsofaffin silifan Malam, ta taho tana jan ƙafar hagu yadda yake yi, ta saki tarin nan nasa mai hawa biyu, sannan ta zuro hannu ta bayan Iya ta dumbuzi gyaɗa.

Baki ya riga hankali. Iya ta kai wa hannun duka da mara tana cewa, "Kai Kuregena, ka bari ta huce mana!"

Tsakar gida ta yi tsit, har zakara bai sa baki ba. Iya ta juyo ta ga Balaraba cikin silifa, baki cike da gyaɗa. Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, ba a san dariya take ko kuka ba.

"Ja'ira! Ƙawata, kin gama da ni. Allah ya shirye ki."

Aka rubuta kalmar, waya ta buɗe.

Sai dai tana buɗewa ta fara zafi kamar dutsen guga, fuskarta tana ƙiftawa. Ashiru ya jona ta da kwamfutarsa. Ya tarar tsohuwar manhajar da Malam ya yi naɗi da ita ta cusa muryoyin a wani lungu, a cikin wani tsari da sababbin wayoyi ba sa ganewa. Ya bi ya zaƙulo su, yana kwashewa wayar tana shure-shure. Ta ƙarshe tana tsallakowa, fuskar ta yi baƙi, Sallau da kansa ya duba ya ce wannan karon ta cika. Ashiru bai tsaya nan ba. Ya juya muryoyin zuwa tsarin zamani, ya tace ƙarar babura da ta injin niƙa, sannan ya haɗa wa Iya manhaja tata ita kaɗai a wata sabuwar waya. Babu rubutu ko ɗaya, tunda ba ta karatun boko, maɓalli ne guda ƙato a tsakiya. Ya ajiye kwafi a intanet ya ce, "Iya, ko wannan ta faɗa miyar kuka, Malam yana nan." Hoton da ya sa a kan maɓallin kuwa, kurege ne riƙe da gyaɗa.

Da safe Iya ta dama koko, ta harari kuregen, ta dangwala masa yatsa. Sai ga wani naɗi da ba ta taɓa ji ba, don dā na sama-sama kawai ta iya taɓawa. Malam ya yi tarinsa mai hawa biyu ya ce, "Duk ran da wayar nan ta mutu aka tashe ta, to, Tasalla ta faɗa ke nan a gaban jama'a. Tun muna da baƙin gashi nake jiran ranar." Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ka ji shi ko," in ji Iya. "Yana kabari ma bai bar tsokana ba." Ta shanye kokonta tas, ta nemi ƙari.

Sannan ta kwance makulli, sai hannu uku suka miƙo. Sallau ya ce ba don shi ba, da wayar tana nan gawa da shinkafa a ciki, babu abin da za a buɗe. Ashiru ya ce ba don shi ba, da muryar ta bi wayar lahira tun jiya. Balaraba ta gyara tsayuwa, ta ari muryar Iya sak ta ce, "Gara wayar ta tafi da shi," sannan ta tambaye su wane ne a cikinsu yake da hantsaki ko kwamfutar da za ta ciro kalma daga wannan bakin.

Iya ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta mayar da makulli bakin zani ta ƙulle, ta ce ita kam ta kasa, a kai wa masu hankali.

To, ga shi an kawo muku. Tsakanin wanda ya tashi wayar, da wadda ta ciro kalmar, da wanda ya tserar da muryar, wa Iya Tasalla za ta miƙa wa makullin shagon Kuregenta?