Ƙahon Nomau, Mizanin Arzika da Ɓaunar Fadama

Ku matso kusa, ku masu son gardama, yau na zo muku da wadda za ta ishe ku har rana ta faɗi.

A wani ƙauye da ke bakin fadama an yi wani maharbi mai suna Tunau. Da ya rasu ya bar matarsa Inna Gwamma, da 'ya'ya maza uku, da bindigar toka guda ɗaya, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna shi da sandar ƙarfe. Bindigar ta sha jiki, har an naɗe gindinta da fata don kada ya rabu.

Babban ɗan, Arzika, maƙerin azurfa ne, yana da ɗan mizaninsa na tagulla da yake auna zobe da awarwaro. Mutum ne da ko gaisuwa zai yi maka sai ya auna ta. Tun uban na da rai ya cika ƙahon da tsohon ke awon albarushi da shi, ya juye a mizani, ya nemo tsakuwa mai nauyi daidai da wannan awo, ya ƙulle ta a tsumma. Kullum cewa yake ƙaho bai san albarushi mai tsaki da mai laushi ba, cika kawai ya sani, nauyi ne ba ya ruɗin mutum.

Na biyu, Nomau, shi ya gaji ƙahon, wani ɗan ƙahon gada da ya yi baƙi don shan hannu. Shi ke ɗura wa uban bindiga a daji, kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri, ga shi bakin ma ba baya ba ne. Shi kuwa cewa yake da damina albarushi kan sha raɓa ya ƙara nauyi, mizani ya yi maka ƙarya kana kallo, sannan wace dabba ce za ta tsaya jiran ka daidaita faranti?

Autansu Jatau bai iya awo ba, ko na ƙaho ko na mizani, kuma bai damu ya iya ba. Abin da ya ɗauko wurin uban shi ne ido da dakiyar zuciya. Magidanci ne da iyalinsa, amma in yayyen nan suka soma musunsu sai ya ji kamar ya bar musu garin. Shekara da shekaru suna abu ɗaya, ba wanda ya taɓa matsawa ko da taku.

Ana nan, ran kasuwar wani gari da ke gaba, maza duk sun tafi har da Sarkin Baka, shugaban maharba, 'yan'uwan nan uku kaɗai suka rage a gida, sai ga maƙwabciyarsu Tabawa ta faɗo gidan a guje, ɗankwali a hannu.

"Ku fito! Ɓauna ta tsare Gwamma a fadama! Muna tsinkar zogale ta fito mana daga cikin ciyawa, da wayar tarko a ƙafarta, duk ta haukace. Ni na sha, ita kuwa ta haye tsamiya!"

Jatau ya zabura ya miƙe. Tsohuwar nan kullum kukan gwiwa take, ko dokin ƙofa sai ta dafa bango take tsallakawa. In har ta hau tsamiya, to tsoro ne ya ɗora ta, kuma tsoro ba ya riƙe mutum a reshe har abada. Ya sungumo bindiga. Nomau ya zaro goran albarushi, ya cika ƙaho fal, ya kai bakin bindiga zai juye.

Arzika ya riƙe masa hannu. "Dakata. Wannan ba albarushin Baba ba ne."

"Na Baba ya ƙare tun bara, Yaya! Wannan wurin wasu fatake na saya. Sake ni, Inna na can kan itace!"

"Dubi yadda yake, laushi kamar kwalli. Na Baba mai tsaki ne. Ba ni shi."

Jatau ya tsaya yana ji kamar ya haɗa kawunansu ya gwara. Arzika ko a jikinsa. Ya tsuguna a zaure inda iska ba ta shiga, ya ɗora tsakuwar uban a faranti ɗaya, ya juye cikin ƙahon a ɗayan. Farantin albarushi ya yi ƙasa ya bugi tabarma, tsakuwa ta yi sama. Arzika ya riƙa ragewa da tsinke har faranti biyu suka tsaya kai ɗaya, abin da ya cire kuwa ba kaɗan ba ne.

Kafin a juye a bindiga Nomau ya ce a tsaya. Ya fizgo kara daga dangar gidan, ya yanke gaɓa ɗaya, ya ƙwaƙule cikinta, ya zuba albarushin da aka auna, ya duba inda ya tsaya, ya datse karan daidai nan da wuƙa. Sannan ya ɗura bindigar, ya soke karan a bayan kunne, suka zuba a guje.

Tun daga nesa suka hango ta. Inna Gwamma ta rungume wani reshe da hannu da ƙafa, zanenta ya yage, ɓauna na ƙasa tana ja da baya tana kai wa gindin tsamiyar karo. Duk karo ɗaya sai ganye ya zubo, tsohuwa ta ɗan zame. Ko ihu ta daina, sai salati a hankali.

Jatau ya zagaya ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, ya durƙusa bayan wani suri, ya saita, ya ja kunama. Bindiga ta yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe sai ga ɓauna a gurfane, jini na zuba a kafaɗarta. Jatau ya fara hamdala, bai ƙarasa ba ta miƙe. Ta bar tsamiya ta juyo da jajayen idanu tana neman wanda ya taɓa ta.

Arzika ya warware mizaninsa. Iskar fadama ta kaɗa farantan, suka yi ta lilo, albarushin da ya zuba ya bi iska. Nomau ya ture shi gefe, ya zare kara daga kunne, ya cika, ya shafe bakinsa da yatsa, ya juye, ya tura tsumma da harsashin dalma, ya danna, ya gyara wurin wuta, ya miƙa wa ƙanensa. Duk wannan kafin ɓauna ta gama kakkaɓe kai ta taso.

Ta taso kuwa, ƙasa na girgiza. Yayyen biyu suka watse, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da ina wurin da na riga su. Jatau ya ji ƙafafunsa na roƙonsa ya bi su, ya ƙi. Ya san harbi daga nesa ba zai tsayar da ita ba, kuma ba za a sami na uku ba. Ya bari ta matso har yana jin hucinta, ta sunkuyar da kai za ta ɗauke shi, sannan ya saki wuta. Ɓauna ta kife, ta zo da jan ƙasa har ƙahonta ya taɓa surin, ta yi shiru.

Wayyo daɗi! Jatau ya zauna daɓas yana dariya, hawaye na zuba. Sauko da Inna ma sai da ya zama aiki, don ta rantse ba ta san ta inda ta hau ba. Nomau ya hau ya ɓamɓare yatsunta daga reshe, Arzika ya tare ta a ƙasa, Jatau ya goya ta. Suna tafe tana sa musu albarka tana kuma yi musu faɗa.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yan nan. Amma me ya tsayar da ku? Ko musun naku kuka tsaya ƙarasawa?"

Suka ci gaba da tafiya har gida.

Da yamma mutane suka dawo daga kasuwa, gari ya ɗauka, aka feɗe ɓauna, kowane gida ya ɗora tukunya. Maƙerin ƙarfe na garin ya karɓi bindigar yana juyawa, sai ya kira Jatau ya nuna masa wata tsaga siririya kamar gashi a gindin bututun, daidai inda mai harbi ke kwantar da kunci. Ya ce albarushin nan mai zafi ne, da an ƙara ko ɗan tsunkule da ƙarfen ya tarwatse tun a harbin farko. Jatau ya shafa fuskarsa, ya nemi wuri ya sake zama.

To, a garin nan al'ada ce, wanda ya kashe babbar dabba shi ake ba wutsiyarta ya rataye a ƙofar gidansa, har jikokinsa a riƙa kiransu da ita. Ba a raba ta, ba a ba mutum biyu. Sarkin Baka ya yanko wutsiya ya miƙa wa Jatau. Jatau ya karɓa, ya dubi yayyensa, ya ji ta yi masa nauyi, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma.

Nan fa gari ya rabu. Wasu suka ce ta Arzika ce, don ba domin ya tsaya ya auna ba, a lokacin da kowa ke ganin ɓata lokaci yake, da bindiga ta fashe a fuskar Jatau, tsohuwa ta faɗo a ƙahon ɓauna. Wasu suka ce ta Nomau ce, don mizani a zaure ya yi aiki, a fadama iska ta mai da shi abin wasa, kuma harbin da ya kashe ɓauna daga karansa ya fito. Wasu kuma suka ce albarushi ko an auna shi da mizanin zinariya ba ya harba kansa, wanda ya tsaya sa'ad da masu awo suka gudu shi ne mai wutsiya.

Aka je aka tambayi Inna Gwamma, tana kwance ana gasa mata gwiwa. Ta ce ita tana sama idonta a rufe, kada a sa ta zaɓi tsakanin 'ya'yanta, a bar ta ta ji da ciwon jikinta.

Wutsiya dai tana nan kan tabarma, ƙudaje sun fara taruwa. To, ku da kuka ji yadda aka yi, a ƙofar wa za a rataye ta: mai mizani, mai kara, ko mai harbi?