Igiyar Saniyar Dudu

Wai wani hakimi ne ya dawo daga taron rage ɗumamar duniya, ya sa aka yi shela: gyatsar shanu ke ƙara zafi, duk saniyar da ta yi gyatsa a ƙwace ta.

Dudu mai nono ta kawo gaisuwar fura, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, saniyata ɗaya tal. Laifin ciyawa ne ko na ciki?"

Hakimi ya ce, "Na ciki ne. Duk cikin da ya yi gyatsa, a sa wa mai shi igiya."

Ya kafa kai ya shanye furar, ya yi wata doguwar gyatsa, ya yi hamdala.

Dudu ta miƙa wa dogari igiyar saniyarta. "Ungo, ɗana. Ni ban isa in ɗaure manya ba."