Waken Nomau Wanzami

Jama'a, ku matso ku saurara. An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wanzami ne, sunansa Nomau. Bawan Allah ne mai barkwanci, kuma rabin magidantan unguwarsu askarsa ce ta fara taɓa kansu ranar suna.

To, 'yarsa ta haifi namiji, jikansa na fari. Nomau ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya wasa aska, ya sake wasawa, ya shafe zabirarsa da mai. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Ka ji labari? An haifi wanda zai ƙwace mini mata!"

Amma fa akwai tari. Tun bazara yake yinsa, ga rama, ga zazzaɓi. Matarsa ta matsa masa har ya je asibiti ya ba da kaki. Ana gab da suna sakamako ya fito, tarin fuka ne.

Wadda ta kawo masa labarin Malama Saude ce, 'yar garin. Lissafi ta karanta, aikinta a asibitin shi ne lissafa yadda cuta ke tafiya cikin jama'a. Suka zauna a waje, gindin darbejiya. Nomau ya ce, "'Yata, ki rufa mini asiri. In yi askin nan tukuna, sai in fara magani, babu wanda ya ji."

Ku saurara, nan ne jarrabawar. Wanzami da fuska yake aiki, numfashinsa a kan goshin mutum. In gari ya ji, wa zai sake miƙo masa kai?

Malama Saude ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Baba, a kawo mini faifai da wake." Aka kawo. Ta ajiye jan wake ƙwaya ɗaya a tsakiya. Ta ce, "A ce wannan ya ba mutum uku." Ta jera uku. "Kowane cikinsu ya ba uku." Ta jera tara. Ta ci gaba da jerawa har faifai ya cika, wake yana zuba ƙasa, kaji suna rububi.

Nomau ya ce, "Ni ne jan nan?"

"Kai ne, Baba."

"To wanne ne jikana?"

Ta ce, "Lissafi yawa yake faɗa, ba ya faɗin suna. Amma wanda ya fi kusa da numfashinka shi ne a layin farko."

Nomau ya tuna yadda yake sunkuyawa a kan jariri in yana aski. Ya ce, "To ba ta mutuwa ne, cutar?"

Ta share faifai da hannu, ta sake jeri. "Tana mutuwa. In masu ciwo goma suka ba mutum biyar kawai, biyar suka ba biyu, ka ga tana ƙarewa. Mai shan magani yadda aka ce, ba a daɗewa yake daina ba kowa. Shi ya sa muke neman mutum da wuri."

Jama'a, bayan la'asar Nomau ya tsaya a ƙofar masallaci, nesa kaɗan, ya rufe baki da hankici. Ya ce, "Ina da tarin fuka. Duk wanda na yi wa aski tun bazara, don Allah ya je a duba shi." Wasu suka ja da baya. Wani ma ya shafa kansa kamar zai goge askin. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki zabira ya kai wa Cindo, wanzamin da suka shekara suna takara. Ya ce, "Ga askata. Ka yi wa jikana, ka bi a hankali, kan manya ne."

Ranar suna yana zaune can gindin darbejiya. Da ya jiyo kukan yaron sai hawaye, yana kuka yana dariya. Wallahi ya ji zafi, kada ku ce bai ji ba.

Mutane suka je gwaji, aka samu biyu da cutar, aka sa su a magani. Shi kuwa Nomau ya tattara waken nan na faifai. Ya ce, "Waɗannan mutanena ne, ba za a dafa su ba." Ruwa ya sauka, ya shuka su a bayan gida. Kullum ya sha magani sai ya leƙa gonarsa ya ce, "Ina kwananku, jama'ar gari?"

Kaka ta yi, wake ya nuna, likita ya ce ya warke sarai. Aka roro waken, aka niƙa, aka soya ƙosai, unguwa ta cika gidan. Sai ga Cindo da zabira a kafaɗa, ya ce, "Karɓi kayanka, mutanenka sun ishe ni da ƙorafi." Aka miƙo jikan, ya yi ɓul-ɓul, gashi ya cika kai. Nomau ya zaunar da shi a cinya, ya yi bismilla, ya sa aska. Yaro ya kama masa gemu ya ja. Nomau ya ce, "Ja da kyau, ɗan nema. Na jira ka."

To, ku ji. Gaskiyar da mutum ya faɗa a kan kansa sadaka ce ga mutanen da bai ma san sunansu ba. Kai da kake tari ya ƙi ƙarewa kana cewa sanyi ne, ke da kike ɓoye magani don kada maƙwabta su gani, ku tuna faifan nan. Layin farko ba baƙi ba ne, waɗanda kuke ci tare ne a kwano ɗaya. Ku je a duba ku, kuma wanda ya fito ya faɗa, kada ku guje shi, ku gode masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bar mu da jikokinmu.