Azumin Waziri Jatau

A zamanin da, tun ana caca da kuɗin wuri a kan buzu, an yi wani sarki wanda gidajen caca suka hana shi sakat. Ya hana, aka koma yi a bayan ganuwa. Ya sa bulala, sai ga masu bulalar su ma a bakin buzu. Da ya gaji, sai ya ce a yi, amma kowane gida ya kawo ɗaya cikin biyar na ribarsa. Liman ya yi ta tsaki, amma a haka aka zauna.

Sarkin nan yana da waziri, Jatau, tsoho siriri kamar sillen kara. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ga ya sa wani abu a baki kafin a tashi daga fada, har gari ya sa masa suna Waziri Mai Azumi, mata suna kawo jarirai ya tofa musu addu'a. Kaico, da sun sani! Ciwon ciki ne da shi, irin wanda in ya murɗa ba ya jiran mutum ya sa takalmi. Ga kuma al'adar fadar: ba mai tashi kafin sarki ya tashi, wanda ya kuskura a tuɓe masa rawani. Don haka Jatau yake wuni da yunwa. Ya gaji da yunwar, ya gaji da yabon da bai ci ba, amma kunya ta ɗaure masa baki.

To, a duk faɗin kasuwar garin babu salga sai a gidajen caca. Masu gidajen sun haƙa ne don kada ɗan caca ya ce zai je gida ya ƙi dawowa, kuma ba mai shiga sai wanda ya zuba wuri a buzu. Wata ranar kasuwa ciki ya murɗa wa Gwadabe marini, abokin Waziri tun suna yara, wanda shi ma yake fama da wannan lalura. Ya roƙi mai gadi har da durƙuso, aka tura masa ƙyaure. Abin ya kubce masa a tsakiyar kasuwa, a gaban surukinsa. Wata biyar Gwadabe bai leƙo ƙofar gida ba, karofinsa ya bushe.

Sau biyu Waziri yana kawo maganar salga a fada, sau biyu fadawa suna rufe baki da hannun riga. Karo na uku ya zo daidai da ranar da Ɗankurma, shugaban masu gidajen caca, ya zo roƙon a rage musu haraji.

Ɗankurma ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, harajin ya isa, sai kuma a ce mu buɗe bayan gida ga duk mai wucewa? Ina masu ciwon? Ni dai ban taɓa ganin dattijon kirki ya ce yana da shi ba."

Sarki ya dubi Waziri, shi ma da alamar ƙosawa. Ya ce, "Jatau, ka dame ni da zancen nan. Na ba ka kwana bakwai. Kawo mini mutum ɗaya mai mutunci ya tsaya a nan ya ce da bakinsa yana da ciwon, in yi doka. In ba ka samu ba, in rage wa Ɗankurma haraji, kada kuma in sake jin maganar salga a fadata."

Waziri ya bi gari gida-gida. Ya san su sarai, domin mai ciwon yana gane ɗan'uwansa daga yadda yake zaɓar wurin zama kusa da ƙofa. Akwai fatake, akwai malamai, har da wani mai unguwa. Kowa sai ya raka shi zaure da addu'a, ya ce a nemi wani. Ran kwana na shida ya ja ƙafa zuwa gidan Gwadabe, ya tarar da shi a ƙuryar ɗaki, shuɗin hannunsa har ya koɗe.

"Jatau, in tsaya gaban sarki in maimaita abin da kasuwa ta gani? Ka bar ni in mutu da sauran mutuncina. Kai mai lafiya, me ka sani?"

Waziri ya yi masa sallama. Ya fito zuciyarsa a dagule, domin shekara sittin suna tare, amma ko Gwadabe bai sani ba.

Ran na bakwai fada ta cika. Sarki ya ce, "Waziri, ina mutuminka?"

Jatau ya dafa ƙasa, ya miƙe tsaye alhali sarki yana zaune. Dogarai suka dubi juna.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi. Shekara goma sha ɗaya ban yi azumin da ake yabona da shi ba, tsoron cikina nake yi. In na karya da safe, sai in kunyata a gabanka. Ni da nake Waziri haka nake rayuwa, to ina ga marini, ina ga mai tallan daddawa? Na gaji, Allah ya ba ka nasara. Ga rawanin."

Ya kai hannu zai warware. Wani bafade ya fara 'yar dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye.

Sarki ya daɗe yana duban tsohon da ya zauna a damansa tun yana sabon sarauta. Sai ya miƙe zumbur, ya ce, "Ni na fara tashi. Wanda ya ga ba haka ba, ya faɗa."

Ba wanda ya ga ba haka ba.

A tsaye sarki ya yanke hukunci. Haraji yana nan yadda yake, kuma daga cikinsa za a haƙa salga a kusurwa huɗu na kasuwa. Duk gidan cacar da ya tura wa mai lalura ƙyaure, a ninka masa haraji. A fada kuwa, wanda cikinsa ya kira shi ya tashi ba tare da neman izini ba. Ɗankurma ya faɗi ya yi godiya da murya kamar ta wanda aka taka wa ƙafa.

Ba za a ce gari ya daina dariya ba. Mata sun daina kawo jarirai, sunan Mai Azumi kuwa ya koma abin zolaya a bakin 'yan caca. Waziri bai damu ba. Washegarin hukuncin da hantsi ya tafi karofi, ya tarar da Gwadabe ya fito yana kwashe busasshen baba daga rami, ga ƙwaryar koko a gefe.

Gwadabe bai ɗago kai ba. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya, Jatau, ko ni?"

"Ko kai."

Gwadabe ya turo masa ƙwaryar. Waziri ya zauna a ƙasa da rawaninsa, ya yi bismilla, ya sha kokonsa da hantsin nan a gaban kowa.