Kwalbar da Aka Ce a Zubar

To, ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

Hansatu 'yar wani marini ce daga Zariya, tana aiki a wata cibiyar binciken teku a Legas tare da abokan aikinta biyu, Tanimu da Ladidi. Suna nazarin wasu halittun teku ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ɗigon ruwa ɗaya kan ɗauki dubbansu. Da hasken rana suke rayuwa, kuma kowane iri da launin jikin da yake kama hasken da shi.

Tanimu ne ya ɗebo ruwan. Kwana tara ya yi a jirgin masunta, yana amai yana zura igiya har zurfin da haske ke dusashewa. Ya dawo da kwalabe arba'in, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Shugaban cibiyar ya leƙo, ya yatsine fuska. "Duk iri ɗaya ne, an daɗe da saninsu. A zubar, muna bukatar wurin."

Hansatu ta ƙi. Tun tana yarinya take kallon mahaifinta yana rini a karofi, launi ba ya ɓace mata. Ta lura akwai kwalba ɗaya da in ta yi kwanaki a ƙarƙashin shuɗiyar fitila sai ta koma ruwan goro, in aka mayar da ita ƙarƙashin koriya sai ta yi ja-ja. Ta ɓoye ta, ta sha takardar gargaɗi a kan haka.

Ladidi kuwa wata huɗu ta yi tana bin ƙwayoyin gadon halittar ɗaya bayan ɗaya, har ta gano wanda ke sa ta sauya launi, wanda babu shi a sauran kwalaben. Ba don ita ba, da maganar Hansatu ta tsaya a "na gani da idona".

Ranar babban taro, shugaban ya miƙe gaban baƙin masana, ko kunya babu, ya ce, "Wannan abin da na gano..."

Zuciya ta ɗebi Hansatu, ta miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, wanne? Wanda ka ce a zubar?"

Baƙin suka nemi littattafan aiki, suka duba, ba su ga hannun shugaban ko a shafi ɗaya ba. Suka ce za a raɗa wa halittar sunan mai aikin, amma suna ɗaya tak take ɗauka.

To jama'a, wanda ya ɗebo, da wadda ta hana a zubar, da wadda ta kawo hujja, sunan wa ya kamata a sa mata?