Amplin da Bai Kai Muryar Usaini Kunnen Baba Ba

Akwai wani dattijo a Waca, sunansa Malam Gajere, wanda tsufa ya sa kunnensa ya yi nauyi. Ɗansa Usaini ya shekara uku yana aiki a Arlit. Kullum yana turo saƙon murya ta waya, amma tsohon sai dai ya ga ana murmushi, a ba shi labari.

"Ni muryarsa nake so, ba labarinsa ba," in ji shi.

Sai ƴarsa Rahama ta shiga mota zuwa Magaria, shagon wani Muttaƙa. Ya miƙo mata ampli, ɗan abu kamar akwatin ashana da ake haɗawa tsakanin waya da abin sawa a kunne don ƙara sauti.

"Dubi ƙarfin da aka rubuta a kwali. Ko dutse aka sa wa, sai ya ji."

A gida aka sa wa tsoho. Ya rufe ido, ya daɗe yana jira, sannan ya cire a hankali. "Kamar sauro a cikin tulu."

Rahama ta kai wa Mas'udu mai gyaran rediyo. Ya auna, ya girgiza kai. "Ko kwatan abin da aka rubuta bai kai ba. Ke ce ta huɗu da ta kawo mini irinsa daga shagon Muttaƙa."

Ta koma shagon. Muttaƙa ko ɗago kai bai yi ba. "Malama, ni ban sayar da sabon kunne ba. Na tsohonki ya mutu."

Ta juya ta koma gida. Ranar kasuwa ta zo da mahaifinta, ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar shagon, ta sa masa amplin.

To, mai nauyin kunne bai san yana ɗaga murya ba.

"BA NA JIN KOMAI, RAHAMA! WANNAN NE YARON DA YA CUCE MU?"

Kasuwa ta tsaya. Masu ciniki suka ajiye kayan da suka ɗauka. Muttaƙa ya durƙusa yana raɗa: "Baba, a rufa asiri."

"ME YA CE?"

"Ɗaga murya mana," in ji Rahama. "Ai kai ka ce kunnen ya mutu."

Muttaƙa ya dubi jama'ar da ta taru. Dole ya buɗe maƙogwaro: "NA SAN AMPLIN BA SHI DA ƘARFI, BABA! KU YAFE NI!"

Har masu nama a can ƙarshen layi sun ji.

Ya shiga ciki ya fito da na gaske. Aka haɗa, aka kunna. Tsoho ya kasa kunne.

"Usaini ne. Yana mura, ba ku gaya mini ba."

Darasi: Kada ka sayar da ƙarya da ka san ƙarya ce, ka kuma ɗora laifin a kan raunin mai saye. Asirin da ka ƙi rufawa da gaskiya, da bakinka za ka tona shi. Ku tura wa ƴan uwa, musamman masu shago.