Damisa da Akwati Mai Ido

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naka ne.

Wata rana masu binciken namun daji suka ɗaure wani akwati mai ido a jikin kanya, bakin mashaya. Duk wanda ya gifta sai akwatin ya ɗauki hotonsa. Lokacin kuwa dabbobi na neman wanda za su ba sarauta, Damisa ta ishi kowa da cika baki.

Ta ce wa Aku, "Ran da mutanen suka buɗe akwatin, ka hau reshe ka leƙa. Hotona zai raba gardama."

Kullum da hantsi sai ta lashe jikinta, ta je gaban akwatin ta turo ƙirji. Shashasha, a zatonta sai an shirya yake gani!

Da mutanen suka dawo, Aku ya leƙa, ya sauko tsakiyar taro.

Damisa ta ce, "Faɗa musu!"

"Ranki ya daɗe, inda kika tsaya kin matsa da yawa, hanci kawai ya fito."

"Sauran fa?"

"Sauran sun fito tas. Ga Beguwa ta zo shan ruwa ta girgiza ƙayoyinta, ga ki a guje, wutsiya a matse. Har sau bakwai. Mutanen har faɗuwa suke don dariya."

Beguwa ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Au, ashe da wata a wurin?"

Nan take aka naɗa Beguwa sarauta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai musu ya je ya tambayi akwatin.